Yadda Na Je Takoradi Neman Yaya Lawal

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Sauri, kafin shayi ya huce wani ya ce, "Malam Kabiru, yaya hanya?" Na kuwa san ba hanyar ce ta dame su ba. Abu ɗaya suke so su ji, amma kunya ta hana kowa ya fito da shi fili, sai a yi ta kewaye-kewaye. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, da hanyar da abin da na tarar a ƙarshenta, ko bakina ya huta.

Mu uku ne a ɗakinmu: Yaya Indo ce babba, sai Yaya Lawal, sai ni auta. Gidanmu yana Gobarau, mahaifinmu maɗinkin manyan riguna ne, mutum mai tsare gida. Yaya Lawal yana saurayi aka kai shi koyon gyaran rediyo, a shagon ne ya ci karo da faya-fayan garmaho na baƙaƙen Amurka, waƙoƙin da ake kira sol. Ya tara suma, ya ɗinka wando fantalo mai faɗin ƙafa, ya haddace waƙoƙin har da inda masu su ke jan numfashi. Ranar da Baba ya ji an ga ɗansa yana waƙa a wani otal, ya fito da faya-fayan tsakar gida ya bi su da taɓarya ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku tsakani Yaya ya hau motar kaya ya bar gari. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Wasiƙu sun zo daga Kaduna, sun zo daga Legas, ɗaya ta zo daga Gana, daga nan shiru. Baba ya rasu, Inna ta rasu, ba mu ma san inda za mu aika da labarin ba.

Sai bara wani Alhaji mai fataucin goro ya dawo daga Gana da bidiyo a wayarsa. Mai masaukinsa a Takoradi ne ya ce masa, "Ga wani ɗan garinku can," shi kuma Alhajin ya leƙa ta tagar wani coci ya ɗauko. Wani tsoho ne mai furfura, riƙe da makirfo, idonsa a rufe, yana wata irin waƙa kamar ana zare masa rai. Kafin magariba bidiyon ya zagaye dangi. Yaya Indo ta aika aka kira ni.

"Kunnensa ka duba," ta ce. "Kunnen Baba ne. Lawal ne wanga."

"Shi ne, Yaya."

"To ka tashi ka tai. Ni ƙafata ba ta kai ni ko Jibiya. Ka je ka gano mani da idonka. In ya bar addini ka zo ka faɗa mani in san irin addu'ar da zan yi. In bai bari ba, ka zo ka faɗa mani in rufe bakin mutane."

Ta haɗa mini tsaraba: kuka, daddawa, kilishi, da sabuwar darduma. Ta ce in miƙa masa dardumar in lura da hannunsa, ko ya san inda kanta yake.

Motar Legas na shiga. A kujerar kusa da ni Allah ya haɗa ni da Hajiya Rabi, 'yar kasuwar atamfa daga Funtuwa, wadda ta fi shekara ashirin tana zirga-zirgar Kwatano. Kafin mu kai Zariya ta gano ban taɓa tsallake iyaka ta ƙasa ba, ta dube ni kamar yadda ake duban maraya.

"Fasfo?"

"Ga shi."

"Katin rigakafin shawara?"

"Yana cikin babbar jaka."

"Babbar jakar da ke ƙarƙashin buhunan albasa? Malam, a kan iyaka katin nan ya fi hularka amfani."

Haka kuwa aka yi. Da muka sauka Legas muka canza ƙaramar mota zuwa Seme, kan iyakarmu da Benin, ni na tsare fasinjoji wajen rabin sa'a ina tonon jaka. Da aka zo duba kaya kuma, ma'aikacin ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira abokinsa, suka yi ta muhawara da Faransanci. Ni dai na tsaya ina zufa, ina tunanin yadda zan koma in ce wa Yaya Indo daddawarta ta sa an tsare ni. Hajiya Rabi ta matso ta gutsuri ɗaya ta jefa a baki a gabansu. Suka fashe da dariya, ɗayan ya ce ai kakarsa ma tana sa irinta a miya. Aka ɗaure mini kayana.

Kwatano gari ne na babura. Masu acaɓarsu duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa, in danja ta tsayar da su sai ka ce gonar da ta yi fure. A unguwar Zango muka sauka, gidan mai masaukin Hajiya. Aka ba ni ɗaki mai fanka, aka kawo mini burodi mai tsawon sanda da ƙarfin sanda. Na rasa ta inda zan fara, sai da na ga masu gida suna tsoma shi a shayi. Da safe Hajiya ta raka ni tasha da kanta, ta danƙa ni a hannun wani direba mai zuwa Lome da Aflawo, garin kan iyakar Gana, ta ce masa da Hausa, don in ji, "Wannan malamin gwamnati ne da ya yi ritaya, bai san komai ba. Ka kula da shi."

Direban dattijo ne, sunansa Kosi, yana jin Turanci da 'yar Hausar tasha. Hanyar tana bin bakin teku, amma ni ban kalli tekun sosai ba, saboda muna fita gari ya kunna waƙa. Ƙaho ya busa sau biyu, ganga ta shigo a hankali, sai wata murya mai kaushi ta fara roƙo. Waƙar tana cikin waɗanda taɓarya ta bi ta kansu. Fiye da shekara arba'in ban ji ta ba, amma bakina ya riga mawaƙin isa wajen da yake karya murya.

Kosi ya dube ni ta madubi. "Alhaji, ka san ta?"

"Yayana ne ya san ta."

Ya ƙara sauti. Duk inda mawaƙin ya jefa magana sai wasu mata uku su cafe su mayar masa, Kosi kuma ya zama na huɗunsu, yana dukan sitiyari. Wata budurwa da ke gaba, wadda ba ta fi jikata ba, ta cire abin kunnenta ta ce ai ta san wannan amshin, yana cikin wata sabuwar waƙa da ake yayi. Kosi ya ce sata suka yi. Ta ce aro ne. Suka yi ta yi har muka shiga ƙasar Togo.

Na tambaye shi abin da ya sa mutumin yake waƙar mace kamar mai neman gafara. Ya ce, "Ai a coci ya koya. Duk waƙoƙin nan 'yan coci ne, an dai sa musu jan baki an fito da su titi." Maganar ta tsaya mini a rai, don ba ta rage mini tsoron abin da zan tarar ba.

A Ankara, wato babban birnin Gana, na kwana biyu a wani masauki kusa da masallacin Zango. Hausawan can suna da yawa, amma Hausarsu sai ka kasa kunne. Mai masaukin ya ce mini, "Matata ya tafi kasuwa, in ya dawo zai ba ka abinci." Na yi ta dariya a ciki. Da na buɗe baki kuwa su ma suka yi tasu dariyar, suka ce ina magana kamar rediyo. Abinci na ci wake da shinkafa irin nasu, ja, ana zuba masa taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji duk a ganye ɗaya, kamar mai abincin tana rabon gado. Dokunu, wani tuwon ƙullun masara nasu, shi ne ya ba ni kunya. An kawo mini shi a naɗe cikin ɓawon masara, na ji tsami na ce a hankali ko ya kwana ne. Matar ta ce kwana uku ma ya yi, haka ake son sa. A kwana na biyu ni na nema da kaina.

Daga Ankara zuwa Takoradi tafiyar rabin yini ce. Abin da ya fi ba ni mamaki a hanyar shi ne jana'izarsu. Mu a nan kafin rana ta yi zafi an kai mutum makwancinsa. Su kuwa sai a ajiye gawa makonni, a buga hoton mamaci a babban allo a bakin titi, a kafa rumfuna ja da baƙi, a jera lasifikoki kamar bango. Ban san cewa lasifikokin nan su ne za su kai ni inda nake nema ba.

A Zangon Takoradi na yi ta tambayar Lawal Katsina, Lawal mawaƙi, Lawal mai gyaran rediyo. Babu wanda ya san shi. Sai da na gaji na nuna wa wani mahauci bidiyon. Ya ce, "A'a, Baba Lasifika kake nema! Ka faɗi haka mana." Ya nuna mini wani shago a ƙarshen layi.

Na same shi zaune a kan benci, tabarau a karan hanci, ya kifa wata ƙatuwar lasifika yana lanƙaya mata waya. Na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba. Na ce, "An wuni lahiya, Yaya?"

Hannunsa ya tsaya. Ya ɗago ya daɗe yana kallona.

"Kabiru," ya ce. "Ka yi furfura."

"Kai ma."

"Zauna. Riƙe mani wayar ga, kar ta kuɓuce."

Haka muka gaisa bayan shekara arba'in da wani abu, ina riƙe da waya yana narka dalma. Sai da ya gama ya tambayi Baba. Na faɗa masa. Ya tambayi Inna. Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce ya ji a jikinsa tuntuni, amma ji a jiki daban, ji a kunne daban.

Ana kiran azahar na fito da tsaraba. Ya sunsuni daddawar kamar turare. Da na miƙa masa dardumar sai ya juya ta, ya dube ni, ya kwashe da dariya har da tari.

"Indo ce ta aiko ka ka duba ni, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Tashi mu je masallaci, kar mu rasa jam'i. Ka tsaya kusa da ni sosai don ka samu abin faɗa."

Muka je. Liman ya gaishe shi da sunansa, amsa-kuwwar masallacin ma ashe shi ya haɗa ta. To ga amsar tambayar da kuke ta kewaya: Yaya Lawal yana salla. Amma da a nan labarin ya ƙare da ban ɓata takarda ba.

A gidansa, muna cin tuwo da miyar kukar Katsina da 'yarsa ta kaɗa, ya warware mini sauran. Ya yi shekaru yana waƙa a otal-otal na bakin tashar jiragen ruwa, inda ma'aikatan jirgi ke kawo sababbin faya-fayai. Da ƙarfi ya fara ƙarewa ya koma ba da hayar lasifika, ga masu jana'iza, ga masu maulidi, ga coci. Ya auri wata Bafantiya, 'yar ƙabilar yankin, Kirista, mai waƙa a cocin nan na cikin bidiyo. Shekara talatin suna tare, ba ta taɓa barin sahur ɗinsa ya makara ba, shi ma bai taɓa hana ta Lahadinta ba. Ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Ya'yansu biyu. Hadiza, wadda ta kaɗa miyar, ma'aikaciyar jinya ce, da hijabinta. Namijin, Kwabena, ya bi uwarsa, shi ke kaɗa fiyano a cocin.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini nauyi.

"Na ga fuskarka," Yaya ya ce. "Ni ma kullum da asuba ina roƙa masa. Amma ni an taɓa kora ta daga gida, Kabiru. Na san abin da kora ke gyarawa, ba ta gyara komai."

Da la'asar Kwabena ya zo. Mutum ne dogo mai kunnen gidanmu. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba ƙarami, sannu da zuwa," da Hausar da aka ga alama tun a hanya yake bitarta. Na miƙa masa hannu. Ban san me zan yi ba in ba haka ba.

Ranar Asabar da hantsi Yaya ya ce zai kai kaya cocin, ranar gwajin mawaƙa ce, in ina so in ga inda aka ɗauki bidiyon in biyo shi. Na bi shi, na kuma tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Wata tsohuwa baƙa, gajera, mai sanda, ta hango ni ta ce da Turanci, tana jan kalmomi, "Kai ne ƙanen? Ku kawo masa kujera nan bakin ƙofa, ya fi shan iska." Ba ta ce in shigo ba, ban kuma shiga ba.

Sunanta Mama Odesa. Ba'amurkiya ce daga kudancin ƙasarsu, ta dawo Gana da zama bayan ta tsufa. Tana budurwa ta yi amshi a bayan mawaƙan sol, yanzu ita ke horar da mawaƙan cocin. Da aka yi hutu ta jawo kujerarta kusa da tawa. Na ce mata wani direba ya ce mini waƙoƙin nan 'yan coci ne da aka sa wa jan baki. Ta yi dariya har ta buga sanda a ƙasa.

"Bai yi ƙarya ba. Saurara."

Ta rufe ido ta rera layi ɗaya, ma'anarsa, ba ni da kowa sai kai. Kalmar ƙarshe ta riƙe ta ta yi ta lanƙwasa ta, ta hau da ita, ta sauko, ta sake hawa, har na ƙirga gaɓa wajen takwas a kalmar da ke da gaɓa ɗaya. Ta ce, "Wannan da Ubangiji nake." Ta sake rera shi sak, sai dai ta ɗan karkata kafaɗa ta buɗe ido ɗaya. "Wannan kuma da wani mai dogon wando nake. Me ya canza?"

Na ce ban ji abin da ya canza ba.

"To ka ji abin da ya sa ubana ya yi shekara tara bai yi mini magana ba. Mai wa'azi ne. Ya ce na ɗauki kwanon Allah na kai gidan rawa."

Ta ce kakanninta bayi ne a gonakin auduga. Ba su da wurin da za su ɗaga murya ba a doke su ba sai wurin ibada, saboda haka duk abin da ke cikinsu can suke kai shi: kuka, fushi, gajiya, sa rai. Mai wa'azi ya jefa magana jama'a su amsa, ya sake jefawa su amsa, yana hawa suna hawa, har magana ta rikiɗe ta zama waƙa ba wanda ya san lokacin. 'Ya'yan da suka tashi a wannan ɗakin su ne suka fita da muryar waje.

Na ce mata ai mu ma muna da 'yan amshi, a kiɗan noma, a waƙar daɓe, har a wajen masu bege. Ta ce, "Ka zaci daga ina muka tafi da shi?"

Na tambaye ta abin da ya fi daure mini kai. Mu a wajenmu ana yabon murya mai zaƙi, garau. Su kuwa sai mutum ya yi ta gurnani, muryarsa ta tsage, a kuma tafa masa. Ta ce, "Murya mai santsi tana gaya maka mutum ya iya waƙa. Wadda ta tsage tana gaya maka abin ya same shi. Amma kar ka ɗauka haɗari ne. Yayanka ya yi shekaru yana koyon inda zai tsage." Ta ɗaga murya. "Lawal! Zo ka gwada mana makirfon nan."

Ashe gwajin makirfo ne Alhaji mai goro ya ɗauko. Duk Asabar in ya gama haɗa wayoyi sai sun sa shi ya yi waƙa ɗaya, wadda matarsa ta fi so, waƙar soyayya ce ma ba ta ibada ba.

Kwabena ya taɓa fiyano. Yaya ya tsaya da tsohuwar rigarsa ta aiki, sukundireba a aljihu. Ya fara ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kansa. Na lura ba ya faɗawa daidai kan kiɗan, sai kiɗa ya wuce da taki ɗaya sannan ya biyo shi, har ka ji kamar ka tura shi. Matan suka shigo da amshi. Ya ba su, suka mayar, ya ba su da ƙarfi, suka mayar da ƙarfi. Can sai ya bar kalmomin gaba ɗaya ya kama guda ɗaya yana maimaitawa, muryar ta yi kaushi kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, daga nan ta tsalle sama ta koma siririya kamar ta mace, ta tsaya can tana rawa. Wata mata a cikin masu amshi ta ɗaga hannu ta ce, "Faɗa masu!" Ni da na zo bincike, sai ga ni na kama ƙarfen kujera da hannu biyu.

Da ya gama ya ƙwanƙwasa makirfon da yatsa ya ce, "Yana aiki."

A hanyar komawa na ce masa ya zo mu tafi gida. Muka ci gaba da tafiya har muka wuce kasuwa. Sannan ya ce, "In je in ce wa wa me? Wanda zan ba haƙuri ya tafi. Wadda zan roƙa ta yafe mani ta tafi."

"Yaya Indo tana nan."

"Indo za ta cinye ni ɗanye."

Muna isa gida na kira ta, na sa wayar a amsa-kuwwa, na ajiye a tsakaninmu. Na faɗa mata komai, har da Kwabena, don na ga in na rage wani abu wata rana wani mai goron zai kawo shi. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce a ba ta Yaya Lawal.

"Lawal."

"Na'am, Yaya."

"Kana salla?"

"Ina yi."

"Sau nawa?"

"Biyar. Wani lokaci asuba takan kuɓuce mani."

"Ta saba kuɓuce maka tun kana yaro. Shi yaron, yana gaishe ka da safe?"

"Kullum."

"To. Allah ya shirya mana su baki ɗaya." Ta ja numfashi. "Wanga ihu da kake yi cikin bidiyo, na san shi. Ba kalmomin ba, karin. Bayan ka tafi Inna ta riƙa yin shi a madafa, ƙasa-ƙasa, in tana tuƙa tuwo. Ba ta san me yake nufi ba. Shekara da shekaru tana yi. Baba yana zaure yana ɗinki yana jin ta, bai taɓa ce mata ta bari ba. Wata rana ma da ta yi zazzaɓi ta kwana biyu ba ta shiga madafa ba, sai ya ce mani, yau gidan shiru."

Yaya Lawal ya buɗe baki. Mutumin da ɗazu ya cika coci da murya, ko sauti bai fito ba. Hadiza ta zo ta tsaya a bayansa ta dafa kafaɗarsa.

"Kana ji na?" Yaya Indo ta ce.

Ni na amsa mata. Na ce yana ji.

Kwana tara na yi a Takoradi. Ni kaɗai na dawo, ta hanyar da na bi, katin rigakafi a aljihun gaba. Bai ce zai zo ba, bai kuma ce ba zai zo ba. Hadiza dai ta karɓi tsohon fasfonsa ta ce za ta ga abin da za a yi, ta kuma tambaye ni ko mutum mai ciwon gwiwa zai iya zaman motar Legas zuwa Katsina. Kwabena ya ce in uban zai tafi shi zai riƙe masa jaka, in ana so. Na kawo wannan saƙon ma, Yaya Indo ta ce, "Jaka ai sai da mai riƙewa."

Shekaranjiya na leƙa gidanmu na Gobarau na tarar an fitar da buhunan gero daga ɗakin da ke kusa da zaure, an share, an shafa farar ƙasa. Na tambayi Yaya Indo ko baƙo za a yi. Ta ce in ji da abin da ya kawo ni. Amma jikokinta sun ce ta hana kowa ajiye ko tsinke a ciki, kuma mabuɗin yana ɗaure a bakin zanenta.